Kalmomi Goma Sha Biyu da Amanar Dukiya



Mu 'yan Wurno, Raba da Goronyo mun taso mun tarar manomi yana sayar da albasa ko shinkafa ya ƙulle kuɗinsa a lalita. Yau kuwa akwai kuɗin intanet irin su Bitcoin, waɗanda Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da su a 2021, sa'an nan ya sassauta a ƙarshen 2023. Wannan dukiya ba ta da lalita sai mabuɗi, watau lambar sirri mai haruffa da alƙaluma 64, wadda da wuya mutum ya kwafe ta ba tare da kuskure ba.

Saboda haka a 2013 masana suka shimfiɗa ƙa'idar da ake kira BIP39. Sun tsara jerin kalmomi 2048. Mai ilmin kwamfuta yakan rubuta mata umarni a baƙin allo, ita kuma ta yanyanka lambar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta nuna kalma guda. Gajeruwar lamba takan ba da kalmomi 12, doguwa kuma 24, kalmar ƙarshe tana ɗauke da alamar da ke tona yawancin kurakurai.

To, a nan ne hankali ya wajaba. Da fari, kalmomin nan su ne dukiyar kanta. Duk wanda ya gan su ya mallake ta, babu kuwa bankin da za a kai wa kuka. Lalle ne a cire na'ura daga intanet kafin a fara aikin, a kuma share abin da aka rubuta, domin kwamfuta tana ajiye tarihin umarni. Na biyu, akwai jerin Ingilishi da Faransanci da Japananci, amma babu na Hausa. Wanda ya fassara kalmomin ko ya sauya jerinsu ya ɓatar da mabuɗinsa. Na uku, in aka mai da tsohon mabuɗi kalmomi aka zuba su cikin sabon asusu, asusun zai ɗauke su tamkar iri ya tsiro da waɗansu makullai dabam, mai kuɗi ya ga wayam. A jarraba da kuɗi kaɗan tukuna.

Game da ajiya kuwa, ambaliyar 2010 a ƙasar Goronyo ta isa ishara cewa takarda guda a ɗakin ƙasa ba tsaro ba ce. A rubuta biyu da hannu, a raba musu wuri, a sanar da amintacce inda suke saboda magada.

Daga ƙarshe, mu ne iyaye da ƙanne za su miƙa wa waya su ce mu duba musu. Mu koya musu su rubuta da hannunsu, mu kau da idonmu daga takardar, domin amana ce.