"An soke": wa ya soke, da ikon wa?

Kalma ɗaya na zo da ita yau, wadda muke ji kullum a rediyo: soke.

Mu fara raba ta da ƴan uwanta. Musanta daga musu ta fito, ƙaryata daga ƙarya. Waɗannan aikin baki ne, kowa na iya yin su. Minista ya musanta zargi, kai ma ka ƙaryata shi a fada wajen shan shayi, zancen na nan bai mutu ba. Soke kuwa daga soka take, irin ta mashi ko wuƙa. Alƙalami ne ake bi da shi ta kan rubutu, abin da ke da rai jiya ya zama babu. Shi ya sa ba kowa ke sokewa ba, sai wanda doka ta ba iko.

Ku tuna 2009, lokacin tazarce, da yawanmu muna ƴan lakwal. Ran 12 ga Yuni kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke ƙudurin da shugaba Tandja ya kira zaɓen raba gardama da shi. Aikinta ke nan, kuma kundin 1999 ya ce hukuncinta ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Ran 29 ga watan, Tandja ya soke kotun ita kanta. Da Hausa duka biyun "an soke" ne, kunne ba ya jin bambanci. Amma majalisar dokoki da ya rusa a watan Mayu, kundin ya ba shi wannan dama, ko mun so ko mun ƙi. Alƙalan kotun fa? Kundin ya hana a tsige su kafin wa'adinsu ya cika.

Abin da ke damuna shi ne wannan ƴar "an" ɗin. Tana ɓoye mai aikin, sai ka ce ruwan sama ne ya sauka. An soke taro, an soke jarrabawa, an soke sunanka. To, wa? Magajin gari ne, ko gwamna, ko alƙali? Ina takardar? Don Allah kafin ku tura a WhatsApp ku nemo sunan, ku sa shi a gaban kalmar.

An yi zaɓen ran 4 ga Agusta. Ran 18 ga Fabrairun 2010 sojojin Salou Djibo suka kawar da sabon kundin, shi ma aka ce an soke.