Ina Gayya Ta Tafi?

'Yan uwa Musulmi, Tambuwal garin ribaɗi ne, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna bayan jihadin 1804. Ribaɗi kuwa ba ya tsayuwa sai maƙwabci ya tsare bayan maƙwabcinsa.

To yau fa? Daga Tambuwal har Kebbe, magidanci zai kwanta ciwo tsakiyar damina, ciyawa ta cinye masa gero, abokan da suke cin tuwo tare su wuce ta gefen gonar. Amma ranar biki kowa ya hallara da babbar riga!

Gonar mara lafiya da ta marayu suna da haƙƙi a kan duk mai fartanya, kuma Allah (T) zai tambaya. A kira gayya tun gobe Asabar. Wassalam.