Ɗora Hotuna da Bayanan Tudu da Kwari a Kan Dunƙulen Duniya na Kwamfuta

Abin da wannan lacca take kira dunƙulen duniya na kwamfuta shi ne manhajar da ke nuna duniya a mulmule, wadda mutum zai iya juya ta, ya kusanto da wuri har ya ga rufin gidaje, ko ya karkata ta ya hango duwatsu a tsaye. Wadda ta fi shahara ita ce Google Earth, wadda ta fito a 2005 bayan Google ya sayi kamfanin Keyhole a 2004, sai World Wind ta hukumar NASA ta Amurka, da Cesium wadda ke aiki a kan intanet kuma kowa na iya gyara ta. Dukansu an gina su ne da abu biyu, wato ƙirar doron ƙasa, wadda ke faɗin tsayin kowane wuri, da hoton da ake ja a bisa wannan ƙira kamar yadda ake jan fata a bakin ganga. Malami ko ma'aikacin safiyo da ya ga hoton yankinsa ya tsufa, ko yake da taswirar da manhajar ba ta da ita, yana iya ɗora tasa shimfiɗar, sai dai daga ranar da ya yi haka alhakin daidaitonta ya koma wuyansa.

Ɗora hoto shi ne mafi sauƙi. Hanyar da aka fi sani ita ce KML, tsarin rubutu da Keyhole ya ƙirƙiro wanda aka amince da shi a 2008 a matsayin ma'auni na kowa da kowa, inda ake faɗa wa manhaja sunan hoton da iyakokinsa huɗu na gabas da yamma, kudu da arewa, ita kuma ta shimfiɗa shi a tsakaninsu. Idan hoton babba ne, kamar na tauraron ɗan'adam Landsat wanda kowane ɗigo a cikinsa yake wakiltar mita 30 kuma aka sake shi kyauta tun 2008, ko na Sentinel-2 mai mita 10, ko wanda jirgi maras matuƙi ya ɗauko, to sai an yanyanka shi falle-falle, galibi kowane falle ɗigo 256 a tsaye da a kwance. Ana jera fallayen hawa-hawa, kowane ɗaya ya rabu huɗu a hawan da ke bi masa, ta yadda a hawan farko, wato hawa na sifili, duniya duka falle guda ce, amma a hawa na 18, inda ɗigo bai wuce kimanin santimita 60 ba, adadinsu ya haura biliyan 68. Dalilin da ya sa manhajar ba ta shaƙewa shi ne ba ta kiran komai sai fallayen da idon mai kallo ya faɗa a kansu. Wannan aikin yanka ba ya buƙatar kuɗi, domin manhajojin QGIS da GDAL suna yin sa kyauta.

Inda gizo ke saƙa shi ne tushen awo, wato siffar lissafi da aka ɗauka a matsayin girman duniya da kuma wurin da aka kafa ta, wanda daga gare shi ne kowace lambar wuri take samun ma'anarta. Manhajojin nan suna aiki da WGS84, irin wanda GPS ke amfani da shi, alhali tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya an zana su ne a kan tushen Minna, wanda aka gina a kan siffar Clarke ta 1880. Idan aka ɗauki irin wannan taswira aka ɗora ba tare da an juya lambobinta ba, za ta goce da wajen mita 80, mafi yawa ta fuskar gabas da yamma. A kan allo ba abin da zai yi ƙara, launuka za su zauna lafiya lau, amma mai lura zai ga titi ya ratsa ta tsakar gidaje, kogi kuma yana gudu a gefen gadarsa. Mita 80 a daji ba komai ba ne, amma a shari'ar iyakar gona ko fuloti ya isa ya raba 'yan'uwa.

Batun tudu da kwari ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan manhajojin suka sha bamban, domin Google Earth da kowa ke saukewa tana karɓar hoto amma ba ta bari a sauya mata ƙirar ƙasa, yayin da World Wind da Cesium suke karɓa. Bayanan da aka fi ɗorawa su ne na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya auno da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairu na 2000, daga digiri 60 na arewa zuwa 56 na kudu. Shekaru da dama ƙasashen da ba Amurka ba suna samun awo ɗaya ne a kowace mita 90, sai a 2014 aka fara sakin na mita 30, kuma da Afirka aka fara. Dole mai amfani da su ya san cewa rada ba ta bambanta ƙasa da abin da ke kanta, saboda haka kurmi da rukunin gidaje suna fitowa kamar tudu, sannan akwai giɓi a cikin rairayin Sahara da duwatsu masu gangare inda saƙon bai dawo ba. Irin waɗannan giɓi an cike su da lambar -32768, kuma wanda ya manta bai gaya wa manhaja cewa alamar babu ce ba, zai tarar da rijiyoyi masu zurfin kilomita 32 a tsakiyar hamada.

Shi kansa tsayi yana da sifili iri biyu. SRTM yana ƙidaya ne daga matakin teku bisa tsarin EGM96, Cesium kuwa daga santsin siffar WGS84, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana kaiwa kusan mita 100 a kudancin Indiya, shi ya sa ake ganin gini ya nutse cikin ƙasa ko yana reto a iska. Ko an gyara wannan, kuskuren da aka yarda da shi a awon SRTM ya kai mita 16, wanda ba zai ɓata surar tsaunukan Filato ba, amma a shimfiɗaɗɗiyar fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda mita ɗaya ke raba gonar da ruwa zai ci da wadda za ta tsira, bai isa a yanke hukuncin ambaliya da shi ba, sai an haɗa da awon safiyo na ƙasa.

Kiran da wannan lacca take yi ga sassan nazarin ƙasa na jami'o'i da ofisoshin safiyo na jihohi shi ne kada su saki wata shimfiɗa ga jama'a sai an rubuta a jikinta inda aka samo ta, da ranar da aka ɗauke ta, da tushen awon da aka bi, da faɗin ɗigonta, kuma duk wadda ta zo babu waɗannan, kada kotu ko hukumar tsara birane ta karɓe ta a matsayin hujja.