Mai Ji Sama-sama a Littafin Zanen Japan

A Japan akwai wani littafin zane, irin wanda suke kira manga, mai suna Hidamari ga Kikoeru, na Yuki Fumino, da ya fito a 2014. Labarin soyayya ne tsakanin samari biyu 'yan jami'a.

Ɗaya daga cikinsu, Kohei, sama-sama yake ji, ko da na'ura a kunne, sai ya bi leɓen mai magana. In ya nemi a maimaita, sai a share shi, wannan kuwa ya fi raunin jin yi masa ciwo. Ɗayan kuwa, Taichi, mai murya kamar ganga, shi ke rubuta masa darasi, ladansa abincin rana.

Abin da ya burge ni, ba a warkar da Kohei don labari ya yi daɗi ba. An mai da littafin fim a 2017.