Hoto Shaida Ne: Shirya Gida Kafin A Sa Shi Kasuwa



Sa'ad da aka karanta kan maganata na hango waɗansu a kujerun baya suna murmushi. Ban ga laifinsu ba, domin wanda ya zo jami'a neman digiri bai zaci za a zaunar da shi a yi masa bayanin shara da yaɓe ba. To, amma ku saurare ni kaɗan. A kowane gida na ƙasarmu, wanda ya yi boko kuma yake riƙe da waya mai kyamara, shi ake kira ranar da za a sayar da gida, a ce masa, "Ɗauki hotonsa ka tura wa dillali." Ni an ce mini haka a kan gidan baffana, Allah ya jiƙansa, a Dinawa ta ƙasar Wurno, kuma abin da na gani a wannan aiki shi ne na kawo muku yau.

A da, sayar da gida a ƙauye abin kunya ne, in kuwa ya zama tilas, mai sayen maƙwabci ne wanda ya san kowace tsaga ta bangon tun yana yaro. A kira mai unguwa da dattawa biyu, a yi ciniki, a shafa Fatiha. Yau mai sayen sau da yawa ɗan gari ne da ke aiki a Abuja ko yake fataucin albasa a Legas, kuma gidan yana fara isa gare shi ta WhatsApp. Masu sayarwa su ma sun yawaita. Akwai magada da ke son a raba musu haƙƙinsu, akwai waɗanda aiki ya mayar birnin Sakkwato, akwai kuma waɗanda 'yan bindiga suka hana wa barci a gabashin jiharmu. Ba wanda ya manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021. Mai sayarwa cikin gaggawa kuwa kowa ya san ciniki ba ya yi masa daɗi. Idan aka ƙara masa da hoto mai duhu, ga tarkace ko'ina, sai mai saye ya sami hujjar yin tayin wulaƙanci, kuma abin da aka rage ɗin daga rabon matar mamaci da marayu aka rage shi. Saboda haka gyara gida kafin hoto haƙƙi ne na masu gida.

Gyaran kansa ba ya cin kuɗi da yawa. A share tsakar gida, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta. A kwashe tsofaffin tukwane da buhuna da karan da aka jingine a bango, a sauke shanya daga igiya, a kai awaki gidan maƙwabta na yini guda. Inda damina ta zaizaye katanga a yi mata yaɓe, a gyara indararon da ya karkace, a shafa wa zaure farar ƙasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, watau wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazon hunturu ya sauko ya mayar da kowane hoto fari fat. A ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana kashe launi, ta cika ƙofofi da baƙar inuwa. A buɗe ƙofa da taga, mai ɗauka ya tsaya a kusurwar ɗaki, ya riƙe waya daidai ƙirjinsa ba tare da karkata ta ba. Sa'an nan ya bi gidan yadda baƙo yake binsa: ƙofar gida, zaure, shigifa, tsakar gida, ɗakuna, madafa, rijiya, makewayi, kana ya fita ya ɗauki iyakokin gidan ta kowane ɓangare tare da hanyar da ke zuwa gare shi. Mai saye da ke nesa yana son ya san ko mota tana isa ƙofa.

Duk wannan na yi shi a Dinawa cikin kwana uku, ni da yaran gida. Wahalar ta zo ne a rana ta huɗu. A ɗakin baffa akwai azara biyu da gara ta cinye cikinsu, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji su kamar ganga, kuma gindin bangon gabas ya jiƙe ya yi gishiri. Dillalin da muka kira, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya duba ya ce, "Ɗana, wannan ai ƙaramin abu ne. Sa a buga sili a rufe azarar, a shafe gindin bangon da siminti, a yi fenti. Hoto ba ya ƙwanƙwasa itace." Gaskiya ya faɗa, hoto ba ya ƙwanƙwasawa, kuma nan ne haɗarin yake. Wanda ke Legas ya ɗauki hotona a matsayin idonsa. Ni da na ɗauka na zama shaida ke nan, ko da ba a rantsar da ni ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke wannan magana. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan tun kafin zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno tun 1837, ya hana algus da ɓoye aibi a cikin ciniki. Malaman Malikiyya kuma sun kasa aibin gida kashi uku: ƙarami wanda ba ya jawo komai, matsakaici wanda ake rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, da babba, irin wanda ake tsoron rushewar gini saboda shi, wanda ke ba mai saye damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Ku duba fa, ko ta fuskar riba kaɗai aka auna, ɓoyewar ba ta da amfani, domin cinikin da aka rufe da fenti yana iya dawowa gaban alƙali bayan magada sun raba kuɗin sun kashe.

Ma'aunin da na riƙe shi ne wannan. Idan aikin da za a yi ya kawar da aibin, gyara ne. Idan aibin yana nan, ido kawai aka kawar daga gare shi, ha'inci ne. Sauya azara gyara ne, rufe ta da sili ha'inci ne. Haka nan garuruwan bakin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno har Kware, inda ambaliyar watan Satumba 2010 ta shiga gidaje, ambaliyar da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Gidan da ruwa ya taɓa kwana a cikinsa, ko an sake masa shafe, wajibi ne a faɗa. Gida a bakin fadama kuwa in aka ɗauke shi a watan Maris ƙayau yake, sai a haɗa da hotonsa na Agusta in akwai. Akwai kuma wata dabara ta zamani: wayoyin yanzu suna da ido mai faɗi wanda ke mayar da ɗan ƙaramin ɗaki kamar fadar sarki. Ku auna ɗakin da awo, ku rubuta tsawonsa da faɗinsa a ƙarƙashin hoton.

Wani abu kuma da matasa ke mantawa da shi, gidan Bahaushe ba kanti ba ne. Tsakar gida ta mata ce. Kada ka kutsa da waya sai ka yi sallama, ka nemi izni, ka ba su lokaci su kauce. Jeren ɗakin mace, gadonta da kwanoninta, dukiyarta ce, ba ta cikin ciniki, don haka ba ta da dalilin yawo a wayoyin mutanen da ba ta sani ba. A halin da muke ciki ma abin ya wuce maganar kunya. Hoton da ka tura wa mutum ɗaya ba ka san hannu nawa zai bi ba, kuma masu kai wa ɓarayin daji labari suna cikin garuruwa. Kada babur ya fito, kada shanu su fito, kada rumbu a cike ya fito, balle fuskokin yara.

Daga ƙarshe, ku ma'aikata, kada ku bari hoto ya riga yarda fita. Gidan gado da ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙin shufu'a, watau in wani ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayya yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Sa'an nan Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da iznin zama a kansa bisa al'ada, kuma mayar da shi ga wani yana bukatar amincewar hukumar da abin ya shafa. A tara magada, a rubuta yarjejeniya, mai unguwa da hakimi su sani, kafin a danna waya.

Mu a Dinawa ba mu da kuɗin sababbin azara a lokacin. Na ɗauki hoton guda biyun nan daga kusa, har da ramukan garar, na ɗauki gindin bangon gabas, na tura tare da sauran. Dillali ya yi fushi, masu saye biyu suka janye. Na uku ya turo magininsa daga Achida, ya ƙiyasta kuɗin gyara, aka cire daga farashi a gaban shaidu, aka raba wa magada abin da ya saura.