Ido Mai Sanin Gwaninta: Fasaha da Basirar Ɗan Adam

Laccar da aka gabatar a Bengu gaban malaman makaranta, ɗalibai da masu sana'ar hannu

An nemi in yi magana a kan yadda ake gane kyakkyawan aikin fasaha, da dangantakarsa da basirar da Allah ya ba ɗan Adam. Abin da na zo da shi guda ne: sanin gwaninta ilimi ne da ake koya, kuma rabin darasin yana hannun mutanen ƙasar Dandi tun kaka da kakanni.

Mu fara da kasuwa. Mace in za ta sayi tukunya, takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne. Ƙara mai zaƙi na nufin ta gasu, ƙara mai dushewa kuwa akwai tsaga a ɓoye. Sannan ta juya ta, ta duba ko baki ya daidaita, ta ajiye ta ga ko gindi ya zauna. Daga ƙarshe ta dubi zanen wuya ta ce, "Wannan hannun wance ne." Tambayoyi huɗu ta yi ba tare da ta lissafa su ba. Shin mai aikin ya san kayan aikinsa? Abin zai yi amfanin da aka yi shi dominsa? Sassansa sun dace da juna? Me mai aikin ya ƙara na kansa? Duk wanda ya riƙe waɗannan huɗu zai iya tsayawa gaban tabarma, ko soro, ko allon zayyana, ko zanen da ke rataye a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ya yi hukunci da hujja.

Tambayar farko ta fi shafarmu, domin muna zaune cikin giginya. Azarar da ake faskarawa daga gangar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma tana da iyaka: in tazara ta wuce wajen mita 2 ba tare da madogara ba, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. Magina Hausawa ba su tsaya nan ba. Sai suka riƙa dasa azara cikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, a ɗaure, a shafe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19. Wanda ya san iyakar azara, in ya ɗaga kai a cikin irin wannan ɗaki, lissafi yake gani. Wanda bai sani ba, ƙasa kawai zai gani.

Haka gishirin Foga. A kankare ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa kwarin Foga a 1853 ya rubuta bayanin wannan aiki. Matan da ke yinsa har yau sun san ƙasar da za a ɗiba, da lokacin da za a rage wuta. Ilimin sinadarai ne, ko da ba a rubuta shi a allo ba.

Yanzu ga tambaya ta huɗu, wadda ita ce zuciyar ƙirƙira. Wasu na zaton mai ƙirƙira shi ne wanda ya watsar da gado. Tarihi bai nuna haka ba. A garin Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962 bisa tsarin da kowa ya sani. Daga baya ya sake rufin da baka da ƙubba, ya ƙara hasumiyoyi huɗu, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. A Najeriya kuma, Ladi Kwali ta koyi ginin tukwane irin na Gwari a gida. A 1954 ta shiga cibiyar tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta ɗauki zanen ƙadangare da kunama da kifi na gidansu ta ɗora a kan tukwane masu ƙyalli da ake gasawa da wuta mai tsanani. Hotonta ne a bayan takardar naira 20. Dukansu sai da suka ƙoshi da gado kafin su yi ƙari a kansa.

Malamai, a nan nake son mu yi wa kanmu adalci. A makaranta muna kiran yaro haziƙi in ya iya hadda da lissafin takarda, wanda ya kasa kuwa mu ce a kai shi ya koyi sana'a, kamar horo. A 1983 wani masani na jami'ar Harvard a Amurka, Howard Gardner, ya kawo ra'ayin cewa basira iri-iri ce, ya lissafa bakwai, har da ta kiɗa, da ta sarrafa jiki, da ta hango siffa a zuci kafin a yi ta. Masana na ta muhawara a kan ra'ayin, amma ku dubi mai saƙar faifai. Tana ƙirga zare mai launi a kowane zagaye, tana ƙara adadi yayin da faifan ke faɗaɗa, don zanen ya haɗu daidai inda ya fara. In ta ɓata ƙirga ɗaya, kowa zai gani. Yarinyar da ta iya wannan ba za a ce ba ta da kan lissafi ba.

Rashin idon sanin gwaninta yana da tsada. A 1975 aka gano kayan tarihi na Bura a yankin Tera, kuma Bube Gado ya jagoranci tonon wurin a 1983, aka fito da gumakan yumɓu da tuluna na ɗaruruwan shekaru. Da labari ya bazu, 'yan fasa ƙwauri suka afka wa wuraren, aka yi ta sayar da kayan waje da arha, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Abin da mai shi bai san darajarsa ba, baƙo ne ke yanka masa farashi. A gida kuma tabarmar roba na korar ta kaba, ana sare giginya fiye da yadda ake renonta.

Roƙona uku ne. Malamai, ku gayyaci magini ko masaƙiya ko masassaƙi cikin aji, ɗalibai su yi masa tambayoyin nan huɗu. Hukumar gari, a keɓe ɗaki guda a ajiye mafi kyawun aikin kowace sana'a tare da sunan mai shi. Iyaye, in za ku sayi aikin hannu ku yi ciniki da mutunci, ku faɗa wa yaranku dalilin da ya sa kuka zaɓi wannan kuka bar wancan. Allah ya ƙara mana basira, ya sa albarka a hannun masu sana'a.