JAWABIN JUBILI: SHIN ADDINI YANA GYARA HALIN MUTUM?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya riƙe wannan ikilisiya a Wudil har shekara 50.

Kwanan baya wani ɗanmu da ke karatu a jami'ar nan ta Wudil ya tare ni bayan sujada. Ya ce, "Baba, ƙasar nan cike take da majami'u da masallatai, amma cin hanci da ha'inci sai ƙaruwa suke yi. To, me addini ya tsinana mana?" Ban tsawata masa ba, gama tambayarsa tana da nauyi. A yau nake so in amsa masa a gabanku.

Da fari, mu yarda da gaskiya. Kakanninmu sun san kunya, da amana, da girmama na gaba tun kafin Bishara ta iso gare su. Allah ya sa lamiri a zuciyar kowane ɗan Adam, kamar yadda Manzo Bulus ya koyar cikin Romawa sura 2. Haka kuma an zubar da jini da sunan addini. Mun tuna Kano a Oktoba 1991. Mun tuna Mayu 2004, lokacin da aka kashe Musulmi da yawa a Yelwan Shendam, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan Kirista a Kano. Babu ɓangaren da zai ce hannunsa a wanke yake.

Amma ɗana, dubi ɗaya gefen. Sa'ad da jama'a ke gudun kutare, mishan na SIM suka zauna da su a Yadakunya suna wanke musu miki. A 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano, inda har yau ake duba Musulmi da Kirista ba bambanci. Daga makarantar Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, iyayenmu mata da yawa kuwa domin su karanta shi suka koyi a, ba, ca. Kada kuma mu manta da maƙwabtanmu. A 2018, a ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 cikin masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai. Tsoron Allah ne ya sa shi.

Saboda haka amsata ita ce: addinin baki ba ya gyara kowa. Bangaskiyar da ta shiga zuciya ita ke gyara hali, kuma a aiki ake ganinta, kamar yadda Yakubu ya gargaɗe mu cikin sura 2. In an ga ɓarawo a majami'a, ba Maganar Allah ce ta kasa ba, shi ne ya toshe kunne.

'Yan'uwa, mutanen Wudil ba za su auna mu da girman gininmu ba. Za su auna mu ran Juma'a a kasuwa: ko mudunmu cikakke ne, ko mun faɗi aibin dabba kafin mu sayar, ko mun biya bashi kan lokaci. Ma'aikaci a ofis, malami a aji, ɗan sanda a kan hanya, kowa wa'azi yake yi da halinsa. In maƙwabcinka ba zai iya ba ka ajiya ba, shekara hamsin ɗin nan me ta amfane ka?

Ubangiji ya ba mu alherin zama gishiri da haske a wannan gari, ya kai 'ya'yanmu ga jubili na gaba. Amin.